Mai Ci, Hagu: Jinjina ga Baba Manzo

Har zuwa watan jiya, duk wanda ya bi lungun bayan kasuwar albasa ta Malanville da sanyin safiya ya san abin da zai gani. Baba Manzo zai iso da mabuɗi rataye a wuya, ya buɗe ƙofar langa-langar nan tasa mai kuka, ya yi shara, ya ɗauko wani tsohon daro ya aje a bakin ƙofa. Sannan ya zaro turnabis, wato sukuddireba, daga aljihu, ya durƙusa gaban akwatin wasansa, ya kwance murfin gefen hagu, ya yi ta taɓe-taɓe a ciki. Sa'a mai waina, wadda rumfarta ke jingine da bangonsa, takan leƙo ta tambaye shi ko yau hagun ta gyaru. Amsarsa ɗaya ce, sai gobe in Allah ya so. Shekara ashirin Sa'a na wagga tambaya, shi kuwa shekara talatin da ɗaya yana wanga durƙuso.

Bari in kwatanta akwatin ga wanda bai taɓa ganinsa ba. Ya kai tsayin mutum, baƙin katako ne, fentinsa duk ya ɓare, da gilashin tele, wato talabijin, a tsakiya. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ne ya zo da shi daga Kotonu a mace, lokacin Manzo na gyaran rediyo, ya zauna ya tashe shi. Wasa ɗaya ne tak a cikinsa, dambe tsakanin mutum biyu. In an kunna, gilashin sai ya nuna wani birni rataye a sama, wata biyu a kansa, motoci na shawagi tsakanin benaye, ya rubuta shekara ta 2999. Mayaƙan babu mai kyan gani. Akwai na ƙarfe mai ido ɗaya ja, 'yan wasa sunka sa mashi suna Jan Ido, akwai mace mai hannun wuta da suke kira Ta Wuta. Mutum biyu za su zauna gefe da gefe, kowa da sanda a hannun hagu yana tafiyar da mayaƙinsa, da maɓallai a hannun dama na naushi da shuri. A saman gilashin akwai layi biyu, su ne jinin mayaƙan, wanda nasa ya ƙare ya faɗi. Masu sababbin wayoyi suna dariyar hoton, wai kamar an gina mutanen da bulo. Amma 'yan dako da 'yan kabu-kabu da sunka tashi da shi, magidanta masu gemu, ba su da wurin hutawa tsakanin azahar da la'asar da ya wuce nan.

Dokokin Manzo uku ne, kuma kowa ya haddace su. Ƙarfe ba ya shiga ɗakin: wuƙa, almakashi, ƙugiyar da 'yan dako ke cafkar buhu da ita, duk a zuba cikin daro a ƙofa, in ka fito ka ɗauki abinka. In an kira salla zai zare wuta, ko da saura naushi ɗaya ka kada abokin karawarka. Ta uku ita ce ta fi ba mutane haushi. Gefen hagu na akwatin gurgu ne, maɓallin shurinsa sai an danna an jira kafin ya amsa. To duk wanda ya ci, dole ya tashi ya koma hagun, wanda anka kada ya samu dama mai lafiya. Da zarar mayaƙi ya faɗi, sai ka ji muryar Manzo daga kujerarsa, ba ƙarfi ba fushi: "Mai ci, hagu."

Ni da ke wanga rubutu, Ummul-Khairi mai albasa, ba masoyiyar wurin ba ce, gaskiya ɗaya ce. Sau biyu na kai ƙarar Manzo wurin mai unguwa a rufe ɗakin. Na kira akwatin gidan aljanu, na kira shi kansa mai lalata 'ya'yan mutane, a gabansa, kasuwa na ji. Dalilina ƙanena ne, Zahiru. Ni na raine shi bayan rasuwar innarmu, kuma tun yana goye nake tsoron zuciyarsa. Ba mugu ba ne, wallahi, amma in ransa ya ɓaci ba ya zagi, ba ya ihu, shiru yake yi, idonsa ya kaɗa, sai dai ka ji aikin da ya yi. Yana shekara sha biyar ya fasa wa wani kai da dutsen awo. To mai irin wagga zuciya, a ce kullum yana gaban akwati yana koyon naushi da shuri? Na ce ai Manzo wuta yake hura mini.

Da na gama zaginsa a karo na biyu, abin da ya ce mini kawai shi ne, Ummu, gara ya kashe Ta Wuta sau goma a yini. Na yi tsaki na wuce.

Abokin karawar Zahiru tun suna samari shi ne Arziki, ɗan dako mutumin Gaya, wanda ke ƙetaro kogi kowace safiya ya koma da yamma. Zahiru Jan Ido yake ɗauka, Arziki Ta Wuta, ba su taɓa canzawa ba. Ba zan ce aminai ba ne. Arziki bai taɓa cin tuwon gidanmu ba, Zahiru bai san ƙofar gidansu ba. Amma shekara sha bakwai kafaɗarsu na gogar juna a kan benci guda.

Sai anka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Kowa a garin nan ya san abin da ya biyo baya. Kaya sunka koma bakin ruwa, a sauke daga kamyo a ɗora a ka a kai jirgi, 'yan dako sunka yi yawa, na wannan gaɓa da na waccan, kowa na neman abin kai wa gida. Mutanen da ke raba goro da juna sunka fara kallon juna ta gefen ido. Kullum Zahiru ya fita, gabana faɗuwa yake yi har sai na ji muryarsa a tsakar gida.

Ranar da nake tsoro ta zo wata Laraba, wata takwas ke nan. Ina zaune ina tsince ruɓaɓɓiyar albasa bayan azahar, sai ga Nazifa matar Zahiru, ba takalmi, ga tsohon ciki, tana haki. Da ƙyar na fahimci maganarta. An yi rigima a bakin ruwa kan lodin masara, mutanen Arziki sun ce nasu ne, mutanen Zahiru sun ce nasu ne. Cikin turereniya Arziki ya hankaɗe Zahiru, ya faɗa cikin laka da buhu a kansa, mata masu jiran jirgi sunka yi dariya, wani ma ya ɗauka a waya. Zahiru ya zo gida, ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya ɗauki ƙugiyarsa ya fita. Na tambaye ta mi ya ce. Ta ce bai ce komai ba.

Da ya yi zagi, da na ci gaba da tsintar albasata.

Na bar rumfa a buɗe na ruga bakin ruwa, anka ce mini Arziki bai samu shiga jirgi ba, mutanen Zahiru sun tsare hanya, an ga ya yi wajen kasuwa. Nan na san inda ya nufa. Ina gudu ina ganin abubuwa a idona: Arziki kwance cikin jini, jandarma sun sa wa ƙanena ankwa, Nazifa ta haihu mijinta na gidan kaso, mutanen Gaya sun ƙetaro ɗaukar fansa. Ban iya wata addu'a ba sai Ya Allah, Ya Allah.

Abin da ya faru kafin in iso, Sa'a ce ta ba ni labari, don a idonta anka yi. Ta ce Arziki ya faɗo ɗakin a guje, ya jefa ƙugiyarsa cikin daro, ya ce wa Manzo ya ɓoye shi. Ɗakin kuwa ƙofa ɗaya gare shi, ba taga, ba bayan gida. Manzo ya sallami waɗanda ke wasa, ya kama hannun Arziki ya zaunar da shi gefen hagu, ya ce ya zaɓi mayaƙinsa ya jira. Shi kuma ya ja jiki ya tsaya a ƙofa.

Haka na tarar da su. Tsoho ɗan shekara saba'in, siriri, idonsa ya yi fari da yana, ya riƙe dogaran ƙofa da hannu biyu. Zahiru a gabansa da ƙugiya. Mutane sun yi da'ira daga nesa, babu mai matsowa. Na kira sunan ƙanena, ko waiwayowa bai yi ba.

"Baba, kauce," in ji Zahiru.

Manzo ya nuna mashi daro da haɓa. Zahiru ya ce yau kam ba ya ajewa. Sunka tsaya haka, ina jin kukan akwatin daga ciki, kiɗan nan nasa mai kama da kukan gyare. Sai na ji Manzo ya faɗi maganar da ban taɓa zato ba.

"To shigo da ita. Amma ɗakina ne, kuma layi layi ne. Ka kada shi a akwati tukuna, abin da kunka yi a waje ba ruwana."

Na ce a raina tsohon nan ya haukace, ya buɗe wa kura ƙofar garke. Shekara talatin da ɗaya ƙarfe bai tsallake daron nan ba, sai yau da ya fi kowace rana? Zahiru ya dube shi, ya dubi bayan Arziki a kan benci. Ban san abin da ya shiga ransa ba. Wataƙila ya so ya wulaƙanta shi sau biyu. Ya shiga, ni da Sa'a munka bi shi munka lafe a bango.

Sai da ya zauna na gane abin da Manzo ya hango. Wasan nan hannu biyu yake ci. Zahiru ya kama sanda da hagu, ya kai dama wajen maɓallai, ƙugiya ta hana. Ya juya ta, ya sake juyawa, daga ƙarshe ya aje ta a kan ɗan katakon da ke gefen akwatin na dama, dab da hannunsa.

Anka fara. Ban taɓa tsayawa na kalli wasan nan ba sai ranar. Jan Ido ya afka wa Ta Wuta a kan rufin wani bene, motoci na wucewa ta bayansu a sama, ƙarfe na tartsatsi. Zahiru na dukan maɓallai kamar zai fasa katakon. Arziki kuwa, ga shi a gurguwar hagu, ko shuri ɗaya bai samu kaiwa ba. Jinin Ta Wuta ya yi ta raguwa, ni kuma ina kallon layin nan ina roƙon Allah kada ya ƙare, don na san in ya ƙare sauran na waje. Ya ƙare. Ta faɗi, Jan Ido ya ɗaga hannu.

"Mai ci, hagu."

Muryar Manzo ce, yadda ta saba fita kullum. Kuma wallahi Zahiru ya tashi. Jikinsa ne ya tashi, ba shi ba, abin da ya yi dubun dubata tun yana saurayi. Ya zagaya ta bayan benci, Arziki ya gusa dama, Zahiru ya zauna hagu ya kama sanda. Sai a lokacin ya tuna. Na ga wuyansa ya sandare. Ƙugiyar na nan inda ya bar ta, yanzu tana dab da hannun Arziki.

Ban san tsawon lokacin da munka ɗauka a haka ba. Mayaƙan biyu na tsaye a gilashi suna ɗan tsalle-tsalle, suna jiran a taɓa su. Arziki ya dubi ƙugiyar. Zahiru ya dubi hannun Arziki. Ɗazu ina tsoron ƙanena ya yi kisa, yanzu ina tsoron a kashe shi a gabana, kuma ko wanne ne ba ni da abin yi. Sa'a ta matsa kusa da Manzo ta raɗa mashi wani abu a kunne, na ga fuskarsa ta canza.

Arziki ya ɗaga hannunsa na dama. Na rufe baki. Ya sauke shi a kan maɓalli, Ta Wuta ta yi tsalle ta shuri Jan Ido a ƙirji.

"Tsare kanka, Zahiru," in ji Arziki. "Yanzu ni ke dama."

Zahiru ya ja sanda baya ya tare shuri na biyu. Suna cikin haka Manzo ya taho ta bayansu yana lalube, ya miƙa hannu kan katakon. Bai ga inda bakin ƙugiyar yake ba, tsinin ya shige tafin hannunsa. Ya ɗauke ta, ya taka zuwa ƙofa jini na ɗiga a siminti, ya sake ta cikin daro. Har yau in na ji an yar da ƙarfe cikin kwano sai gabana ya faɗi.

Arziki ya ci wannan karon, ya koma hagu. Zahiru ya ci na gaba, ya koma hagu. Haka sunka yi ta zagaya bencin nan, gumi na zuba, Sa'a na ɗaure wa Manzo hannu da gefen zanenta. Da anka kira la'asar ya zare wuta da hannunsa mai lafiya. Ba su rungumi juna ba, kada in yi maku ƙarya. Manzo ya dafa kafaɗar Arziki ya ce ya raka shi bakin ruwa, wai ba ya ganin hanya sosai. Sunka ratsa tsakiyar mutanen Zahiru, tsoho da jini a riga, Zahiru na biye da su hannu wofi, babu wanda ya tare su har Arziki ya shiga jirgi. Bayan kwana uku ya dawo da dattijon 'yan dakonsu, anka zauna, ya ba da haƙuri, Zahiru ya karɓa.

Baba Manzo, kai ne ka tsaya a ƙofar da samari majiya ƙarfi sunka ja da baya. Kai ne jininka kaɗai ya zuba ranar. Ɗiyar da Nazifa ta haifa bayan mako biyar, ubanta ne ya yi mata huɗuba a kunne da bakinsa, kuma ba don kai ba da ban san wa zai yi ba. Na zage ka a gaban kasuwa, to ga shi ina neman gafararka a gaban duk mai karatu.

Na je duba hannun Manzo, na yaba mashi dabarar da ya yi ta raba Zahiru da ƙugiya. Ya girgiza kai. Ya ce shigo da ita dabara ce, amma sauran kuskure ne. Bai ga an aje ta a kan katako ba, shi a zatonsa tana cinyar Zahiru. Mai ci hagu kuwa bakinsa ne ya faɗa don sabo. Sai da Sa'a ta raɗa mashi ya san ya miƙa wa Arziki makami da kansa. Ya ce tun ranar ba ya samun natsuwa.

"Ummu, mai tsaron ƙofa da bai ganin ƙarfe, mi ya rage mashi? In na ƙara zama, wata rana zan kashe ɗan wani."

Ya daure wata bakwai yana neman wanda zai karɓa, bai samu ba. Masu kuɗi sun ce akwatin tsohon yayi ne, samari sun ce zaman ɗakin ba ya ciyar da gida. Watan jiya ya rufe, ɗansa ya zo ya tafi da shi garin Gene, inda zai zauna cikin jikoki. Kafin ya hau moto ya kira ni ɗakin, ya durƙusa, ya kwance murfin hagu, ya kama yatsana ya kai ƙarƙashin maɓallin shuri. Na taɓo wani ɗan guntun roba, yankin tsohon silifa. Ya ce hagun nan lafiyarta lau. Kowace safiya shi ke duba robar, in ta lotse ya yanka sabuwa ya sa. A shekararsa ta farko wani gwani ya riƙe akwatin yini guda yana kada kowa yana dariya, da ya fito waɗanda ya kada sunka tare shi a lungu sunka zubar mashi da haƙora. Tun daga ranar ya gurgunta hagu, don kada wani ya fita ɗakinsa bai ci ko sau ɗaya ba. Na ce in rufa asirin? Ya ce a'a, in rubuta, don kada wani mai wayo ya zo ya gyara.

Allah ya saka maka da alheri, Manzo mai daro a ƙofa. Allah ya ba idonka sauƙi, ya sa abin da ka tsare wa 'ya'yan mutane a tsare wa naka.

Ku kuma mutanen garin nan, ina faɗa maku tsoro nake ji. Bakin ruwa bai huce ba. Makon jiya ma an zare wuƙa kan lodin shinkafa, Allah ne ya kiyaye, kuma wanda anka biyo ya rugo lungun nan ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ba sai kowa ya iya gyaran rediyo ba. Abin da Manzo ya yi shi ne ya zauna wuri guda shekara talatin da ɗaya, ya san fushin kowa, ya aje daro. Wannan bai fi ƙarfin ɗayanmu ba.

Abu biyu ya bar mini, mabuɗin ɗakin da ƙugiyar Zahiru, wadda ta kwana wata bakwai cikin daro mai ita bai nema ba. Da hannu yake cafkar buhu tun ranar, faratansa duk sun fashe. Manzo ya ce in mayar mashi da ita, ni kuwa na kasa, na tura ta ƙarƙashin gadona ban faɗa wa kowa ba. To Zahiru, ƙanena, yanzu ka ji inda take. Babu wanda ya san abin da daron nan ke tsarewa kamar kai. In kana son ƙugiyarka, zo ka karɓa, amma tare da mabuɗin zan ba ka. Ka buɗe ƙofar, ka sa ta cikin daro da hannunka, kuma ka bar hagu yadda take.